Wata Bakwai da Muka Ɓatar: Zama da Ciwon Daji na Nono

Wata Asabar da dare, cikin watan Maris na 2021, ina zaune ina duba littattafan 'yan aji shida, sai uwargidana ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can sai ta ce, "Malam, akwai abin da nake so ka taɓa." Ta kama hannuna ta ɗora a gefen nononta na hagu, wajen hammata. Na ji wani ɗan ƙullutu mai tauri, bai fi ƙwayar gurjiya ba. Na tambaye ta ko yana mata ciwo, ta ce ko kaɗan. Sai na ce, "To, abin da ba ya ciwo ai ba abin damuwa ba ne. Zai baje." Na koma kan littattafaina.

Daga wannan dare har ranar da muka shiga ɗakin likitan da ya san abin, wata bakwai ne cur. A cikin watannin nan ba zaune muke ba. Mun yi ta neman magani, mun kashe kuɗi, mun yi azumi, mun yi tafiye-tafiye. Wurin da ya kamata mu fara zuwa ne muka bari sai ƙarshe. Yau uwargidana tana nan da rai, mun gode wa Ubangiji, amma da nono ɗaya. Ita ce ta ce in rubuta wannan, kada kuma in rage kuskuren da ni na yi, domin wata mace da wani maigida su karanta su tsira.

MENENE WANNAN CIWO?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Kullum waɗansu suna tsufa su mutu, sababbi suna maye gurbinsu, kome bisa ga tsari. Ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara ko kansa, yakan fara ne sa'ad da waɗansu ƙwayoyi suka fita daga wannan tsari, suka yi ta haihuwa ba tsayawa, har su taru su zama ƙullutu. A nono, yawanci daga cikin hanyoyin da ruwan nono ke bi yake farawa. In an bar shi sai ya kai ga kaluluwar hammata, daga nan ya bi jini ya tafi ƙashi, ko huhu, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa.

Saboda haka likitoci sukan kasa shi mataki huɗu. A mataki na 1 da na 2 ƙullutun bai yi nisa ba, ana kuwa warkar da yawancin masu shi. A mataki na 3 ya yi girma, ko ya kama fata, ko ya cika hammata, aikin ya yi wuya amma akwai bege. A mataki na 4 ya riga ya bazu zuwa waɗansu gaɓoɓi. Abin da ya fi ruɗin mutane shi ne, a farkonsa ciwon nan ba ya cika yin zafi. Shi ya ruɗe ni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da ciwon daji na nono a duniya, 670,000 kuwa suka rasu. A Nijeriya, ƙiyasin wannan shekara ya nuna sama da mata 32,000 suka kamu, sama da 16,000 suka rasu, shi ne kuma dajin da ya fi kama matan ƙasar nan. A ƙasashe masu arziki, cikin mata 10 da aka samu da shi, 9 suna nan da rai bayan shekara 5. Amma wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 5, aka buga a 2020, ya nuna cikin matan Nijeriya da aka bi sawunsu, 36 ne kaɗai cikin 100 suka kai shekara 3. Manyan dalilan kuwa biyu ne: zuwa asibiti a makare, da rashin samun magani ko rashin ƙarasa shi.

Ciwon nan ba a ɗaukarsa daga wani. Ana ci a kwano ɗaya da mai shi, ana kwana ɗaki ɗaya. Kuɗin da mace ke sokewa cikin rigar nono ba ya kawo shi. Abubuwan da aka tabbata suna ƙara hatsarinsa su ne yawan shekaru, da ƙiba mai yawa, da shan giya ko burkutu, da taba, da kuma gado, in uwa ko 'yar'uwa ta taɓa yi. Shayar da yaro nono na dogon lokaci yana rage hatsarin kaɗan. Duk da haka wajen rabin matan da ke kamuwa ba su da wani dalili da za a nuna, sai dai kasancewarsu mata da suka haura shekara 40. Uwargidana ma ba ta kai ba, shekararta 39 a lokacin, ta shayar da 'ya'ya huɗu, ba ta taɓa kai giya bakinta ba. Kada wata ta zauna tana tuhumar kanta. Maza ma sukan kamu, ko da yake ba su fi 1 cikin 100 na masu ciwon ba.

HANYOYI UKU DA MUKA BI

Da wata biyu ya wuce ƙullutun bai baje ba, sai na kai ta kemis. Mai kemis bai ko duba ta ba. Ya ce maruru ne na ciki, ya haɗa mana ƙwayoyi na kwana goma. Da suka ƙare ya canja waɗansu. Haka muka ci wata guda da rabi. Ƙwayoyin da ke kashe ƙwayar cuta suna da amfani ga mai shayarwa da nononta ya kumbura ya yi ja, amma ba su taɓa daji. Ko ita mai shayarwar ma, in ta gama magani ƙullutu bai tafi ba, sai ta tafi asibiti.

Hanya ta biyu surukata ce ta kawo ta, da kyakkyawar zuciya kuwa. Ta ce, "Ɗana, in dai daji ne, kada ku yarda a sa mata allura. Daji ba ya son ƙarfe. Da an taɓa shi sai ya fashe." Ta kai mu wurin wani mai maganin gargajiya a wani ƙauye. Ya ba da jiƙo na sha, da wani baƙin gari da za a kwaɓa a shafa. Cikin mako biyu fatar wurin ta ƙone ta zama gyambo. Da muka koma ya ce mu yi murna, cutar ce ke fita. Muka biya kuɗi da zakara, muka ƙaro gari. Ni da nake koya wa yara tsabta da kiwon lafiya a aji, ni ne nake kwaɓa garin da hannuna.

Hanya ta uku ita ce ta fi yi mini nauyin faɗa. Wani ya ba mu labarin wani gidan addu'a, muka tafi. Mai wurin ya ce jifa ne, ya kuma kwatanta wata mace a danginmu, har muka ɗauka matar ƙanena ce. Ya sa uwargidana azumin kwana bakwai, ya ce in ta shiga asibiti ta nuna rashin bangaskiya, aikin da aka fara kuwa zai warware. Muka yi mako uku a can. Ta dawo a rame, ƙullutun ya kai ƙwan kaza, wani kuma ya fito a hammata. Muka daina gaisawa da gidan ƙanena.

Duk wannan lokaci ba wanda ya sani a ekklesiyarmu. Takan yafa babban gyale ta zauna can baya. Ranar Lahadi ta fari ta watan Oktoba, bayan sujada, wata dattijuwa a zumuntar mata, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, ta lura da yadda take riƙe hannu. Ta ja ta ɗakin ajiya ta ce, "'Yata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Buɗe in gani." Da ta fito ta same ni a gindin mangwaro, ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce, "Malam, gobe da asuba zan zo da jakata. Ka nemi izini a makaranta."

ABIN DA AKA YI A ASIBITI

A babban asibitin koyarwa da aka tura mu, likita ya duba ta, aka ɗauki hoton nono da na ƙirji da na ciki. Sa'an nan aka sa wata allura aka ɗebi ɗan tsoka daga ƙullutun domin a duba a ɗakin gwaji. Wannan gwaji shi kaɗai ke tabbatar da ko daji ne. Yawancin ƙullutun nono ma ba daji ba ne, amma hannu ba ya iya rarrabewa, ko da hannun likita ne.

Na gaya wa likitan abin da surukata ta ce game da ƙarfe. Ya ce ya saba jin wannan. Ya bayyana mana cewa mutane sukan kawo mace bayan ciwon ya riga ya bazu, a yi mata aiki, ba da daɗewa ba ta rasu, sai a ce wuƙa ce ta kashe ta, alhali jinkiri ne. Allurar gwaji ba ta watsa ciwon. Sakamako ya fito: daji ne, mataki na 3, amma bai kai huhu ko hanta ba. Na tambaye shi da a ce mun zo a watan Maris fa? Ya yi shiru kaɗan, ya ce da wataƙila ƙullutun kaɗai za a cire a bar mata nononta. Tun cikin shekarun 1980 aka tabbatar cewa in ƙullutu ƙarami ne, cire shi kaɗai tare da gashi da na'ura yana ceton rai daidai da cire nono duka. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shirin da ta fara a 2021, ta ce ya kamata a gama gano ciwon cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kuka wurin ma'aikacin lafiya. Mu kuwa mun haura kwana 200 muna yawo.

Magani iri huɗu aka yi mata, bi da bi.

Na fari shi ne kemo, watau magani mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa, sau ɗaya kowane mako uku. An yi mata sau shida kafin aiki, domin ƙullutun ya ragu. Ɗaya daga cikin magungunan ja ne wur, har fitsari yakan yi ja kwana ɗaya ko biyu. Kemo yana kashe ƙwayoyin da ke saurin haihuwa, shi ya sa yake taɓa gashin kai da cikin baki da jini. Bayan zagaye na fari gashinta ya soma zuba a kan matashi. Ta yi amai, abinci ya daina yi mata daɗi, farcenta ya yi baƙi. An gargaɗe mu cewa in zazzaɓi ya kama ta a tsakanin zagaye, kada mu tsaya shan maganin maleriya a gida, mu taho asibiti ko da tsakar dare ne, gama a lokacin jikinta ba shi da ƙarfin yaƙi da cuta. Sau ɗaya hakan ta faru, muka kwana huɗu a gado.

Bayan zagaye na uku ƙullutun ya ragu ƙwarai, har hannu ba ya cika jinsa. A nan ne mata da yawa suke tsayawa, waɗansu domin sun ga kamar sun warke, waɗansu domin wahala, waɗansu domin kuɗi sun ƙare. Uwargidana ma ta ce, "Malam, ya isa haka. Ka bar kuɗin nan don makarantar yara." Na ce mata yaran sun fi bukatar uwa. Wanda ya nome rabin gona ya bar rabi, ciyawa za ta komo ta cinye duka.

Na biyu shi ne aikin tiyata. Aka cire nonon hagu da kaluluwar hammata. Na uku shi ne gashi da na'ura, wadda ke aika wani haske marar ganuwa ya ƙone ragowar ƙwayoyin ciwon a ƙirji. Ana yi daga Litinin zuwa Jumma'a, na 'yan makonni, kowace rana 'yan mintoci ne, ba a kuwa jin zafi lokacin da ake yi, sai dai fatar wurin takan yi duhu, jiki ya gaji. Na'urorin nan kaɗan ne a ƙasarmu, sai da muka yi tafiya mai nisa muka jira layi. Na huɗu ƙwaya ce mai suna tamoksifen, guda ɗaya kowace rana, shekara 5 har zuwa 10. Ba kowace mace take yi wa aiki ba, sai wadda gwaji ya nuna ciwonta yana samun ƙarfi daga sinadarin jikin mace. Wadda ke shanta ba za ta ɗauki ciki ba sai ta shawarci likita, in kuma ta ga jini ba a lokacinsa ba sai ta faɗa. Tun 2022 uwargidana take sha, ƙwayar tana nan kusa da Littafi Mai Tsarki a bakin gado, domin kada ta manta da safe.

GANYE DA ADDU'A FA?

Mai karatu zai ce, ashe Malam ya raina itatuwan da Allah ya halitta? Ko kaɗan. Ɗaya daga cikin magungunan kemo da ake ba masu ciwon nono, mai suna paklitaksel, daga ɓawon wani itace na Amurka aka fara samo shi. Amma daga 1962 da aka ɗebo ɓawon har 1992 da aka yarda a ba marasa lafiya, shekara 30 aka yi ana tacewa, ana aunawa, ana gwadawa, har aka san yawan da ke kashe ciwo da yawan da ke kashe mutum. Garin da na kwaɓa wa matata ba wanda ya taɓa auna shi. A 2018 masana a Jami'ar Yale ta Amurka suka buga sakamakon bin sawun marasa lafiya da suka ƙi maganin asibiti suka riƙe na gargajiya kaɗai. A cikin masu ciwon nono, hatsarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda suka karɓi maganin asibiti fiye da sau biyar. Zogale da alayyafo da 'ya'yan itatuwa abinci ne mai kyau, mai jinya ta ci ta sami ƙarfi. Amma kowane jiƙo ko gari da aka kawo muku, ku nuna wa likita tukuna, gama waɗansu suna ɓata hanta da ƙoda, waɗansu suna hana kemo aiki.

Game da addu'a kuwa, ban taɓa yin addu'a kamar yadda na yi a barandar asibitin nan ba. Abin da na koya shi ne, wanda ya ce ka zaɓa tsakanin Allah da likita ya ɗora maka kayan da Allah bai ɗora ba. Sa'ad da Sarki Hezekiya ya yi ciwon ajali ya yi kuka ga Ubangiji, an yi masa alkawarin ƙarin shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Iyayenmu da suka karɓi bishara a Vom da Jos da Galmi, a ƙofar asibitin mishan da yawansu suka fara jin ta, ba wanda ya ce musu allura rashin bangaskiya ce. Faston ekklesiyarmu, da ya ji labari, ya zo da dattawa biyu suka yi mata addu'a a daren da za a shiga da ita tiyata, da gari ya waye shi ne ya riƙe mini jaka har ƙofar ɗakin aiki.

Akwai kuma bashin da ya rage. Bayan an sallame ta, uwargidana ta ce ba za ta ci Jibin Ubangiji ba sai mun je gidan ƙanena. Muka je, na durƙusa a gaban matarsa na faɗi abin da muka zarge ta da shi. Ta yi kuka, mu ma muka yi. Ita ce daga baya ta riƙa dafa wa yaranmu abinci duk lokacin da muka tafi gashi.

ZAMAN GIDA BAYAN AIKI

Ranar da aka kwance bandeji, ta ƙi duban madubi. Da dare ta juya wa bango fuska ta ce, "Malam, in kana so ka nemi cikakkiyar mace, ba zan ga laifinka ba." A ɗakin jinyar mun ga matan da mazansu suka kawo su sau ɗaya ba su sāke dawowa ba, don haka na san inda maganar ta fito. Na ce mata ranar da muka tsaya a gaban ekklesiya, ita na yi wa alkawari, cikin lafiya da cikin ciwo. Na roƙe ta ta bar ni in riƙa wanke mata wurin. Ku maza 'yan'uwana, matarka za ta dubi fuskarka kafin ta dubi tabonta. In ka kau da kai, ka yi mata rauni na biyu wanda likita ba ya iya ɗinkewa.

Sauran abubuwa a hankali suka daidaita. Gashinta ya tsiro bayan 'yan watanni da gama kemo. Wata tela a zumuntar mata ta ɗinka mata ɗan matashi mai laushi da take sawa cikin rigar nono, in ta yi ado ba mai ganewa. An koya mata ta tsaya gaban bango ta riƙa hawa da yatsunta sama kaɗan kaɗan kowace rana domin kafaɗa kada ta sandare. Hannun da aka cire wa kaluluwa yakan kumbura, saboda haka tana kiyaye shi daga yanka da ƙuna, ba ta kuma ɗaukar bokitin ruwa da shi. Daka da surfe sun koma hannun 'yan matanmu, ni kuma na koyi ɗibar ruwa, ko da maƙwabta suna dariya. Tana komawa asibiti a duba ta a kan lokaci. Kowace ranar dubawa gabanmu yakan faɗi, ba zan ɓoye ba, gama ciwon nan yana iya komowa. Mun koyi karɓar kowace shekara da godiya.

Yara kuwa mun gaya musu gaskiya daidai da shekarunsu. Da muna ɓoyewa, autanmu ya ji a bakin yaran unguwa cewa mamarsa za ta mutu, ya daina cin abinci. Da muka zaunar da su muka ce Mama tana da ciwo mai suna kaza, maganin zai zubar mata da gashi, ba kuwa laifin kowa ba ne, sai hankalinsu ya kwanta.

Maganar kuɗi ba ƙarama ba ce. Albashina na wata bai kai kuɗin zagaye ɗaya na kemo da gwaje-gwajensa ba. Mun sayar da bijimi da buhunan masara, ekklesiya ta yi baiko na musamman, malaman makarantarmu suka bar mini adashi ba a kan layina ba. Da mun ɓoye har ƙarshe, da ba mu sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu na taimakon marasa ƙarfi masu ciwon daji na nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, a manyan asibitoci shida, cikinsu har da na Shika a Zariya, da na Gombe, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Ku tambaya a ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin da kuke. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma, a 2021 aka buɗe wurin gashi da na'ura a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai.

Ba mu kaɗai ba ne a wannan hanya. Uwargida Betty Anyanwu-Akeredolu ta kamu da ciwon nan a 1997, aka yi mata magani a Ibadan, ta kafa ƙungiyar wayar da kan mata a kansa, daga baya ta zama matar gwamnan Jihar Ondo daga 2017 zuwa 2023. Shekara 20 ke nan tsakanin ciwon da shigarta gidan gwamnati. Labarinta na karanta wa uwargidana a lokacin da kemo ya fi kayar da ita.

IN CIWON YA RIGA YA YI NISA

Wataƙila mai karanta wannan tana da ciwon da ya kai mataki na 4, ko tana jinyar mai shi. Kada ku ce ba sauran amfanin asibiti. A wannan mataki ba a cika warkar da shi ba, amma akwai magungunan da ke danne shi, mata da yawa kuwa sukan ƙara watanni ko shekaru suna ganin 'ya'yansu. Akwai maganin zafi mai ƙarfi, irin su mofin, wanda likita ke rubutawa, shansa bisa ga umarni ba zunubi ba ne, ba kuwa shaye-shaye ba ne. Akwai hanyar wanke gyambo da ke kashe wari. Kada a ware ta a ɗakin baya. Ku zauna da ita, ku yi mata waƙa, ku bar ta ta faɗi abin da ke zuciyarta game da 'ya'yanta da kayanta. Kada kuma kowa ya ce mata da bangaskiyarta ta isa da ta warke. Na ga tsarkakan mata sun tafi da ciwon nan suna yabon Ubangiji.

ABIN DA ZA KI YI A WANNAN WATA

'Yar'uwa, ki san nononki. Sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan al'ada ta ɗauke, ki tsaya gaban madubi ki duba, hannuwa a ƙasa, sa'an nan a sama. Ki kwanta ki shafa kowane nono da tafin yatsu uku, a kewaye, har cikin hammata. Wadda ta daina al'ada ta zaɓi rana ɗaya a wata, misali Lahadin fari. Abubuwan da za ki nema su ne:

1. Ƙullutu ko tauri a nono ko a hammata, ko da ba ya ciwo.
2. Nono ɗaya ya canja girma ko kama.
3. Fata ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemo, ko ta yi ja.
4. Kan nono ya shige ciki, ko ya yi ƙuraje da ba su warkewa.
5. Jini ko wani ruwa yana fita daga kan nono ba tare da shayarwa ba.
6. Gyambon da ya ƙi warkewa.

In kin ga ɗaya daga cikinsu, ki tafi asibiti cikin makon nan, ki tafi da wata. In an ba ki ƙwaya kawai ƙullutun bai tafi ba, ki koma ki roƙa a tura ki inda ake ɗaukar hoto da gwajin tsoka. Wadda ta haura shekara 40, ko wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta yi ciwon, ta tambayi likita game da hoton nono ko da ba ta ji komai ba. Shugabannin zumuntar mata kuma, ku gayyaci nas ta zo ta koya wa mata wannan a taronku, sa'a ɗaya ta isa.

Kai kuma maigida, in wata rana matarka ta tsaya a bakin ƙofa ta ce akwai abin da take so ka taɓa, ka rufe littafin da ke gabanka. Kada ka ba ta amsar da na bayar. Ka ce mata, "Gobe da safe za mu tafi." Ku durƙusa ku yi addu'a a daren, da gari ya waye ku kama hanya.

A taron zumuntar mata na gundumarmu da ya wuce, uwargidana ta tashi ta ba da shaida, ta faɗi kome, har da baƙin garin da gidan addu'ar. Bayan an tashi mata uku suka bi ta ɗakin ajiya. Washegari da asuba na ji tana neman jakarta.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa hannun masu jinya. Amin.